“Ku ba yaran nan shekara biyu”

Akwai maganar da na gaji da ji a bakin magoya bayan ƙwallon ƙafa, kuma kwanan nan na sake cin karo da ita. Wata ƙungiya mai cike da matasa ta lallasa abokiyar karawarta, wani yaro ɗan shekara 19 ya yanke mutum uku ya zura ƙwallo a raga. Tun alƙalin wasa bai hure tashi ba wani ya rubuta: “Ku ba yaran nan shekara biyu kawai, wallahi babu mai iya tare mu.” Jama'a suka yi ta yaba masa.

Kafin wata ya mutu, yaron nan ya ɓarar da ƙwallo biyu a bakin raga, ƙungiyar ta sha kashi. Sai ga mutumin nan, shi ɗin dai, yana cewa a sayar da yaron tun yana da daraja, wai ba ajin ƙungiyar ba ne.

Bari in faɗi matsayina tun da wuri. Ba na ganin laifin mai goyon baya don ya kyautata wa matasan ƙungiyarsa zato. Duk wanda ba ya jin wani abu a ƙirjinsa ranar da yaron da ya taso a makarantar ƙungiyarsa ya ci ƙwallonsa ta farko, ban san me ya kawo shi kallon ƙwallo ba. Abin da nake ja da shi shi ne lissafin da ake ɗorawa a kan wannan fata. Mai cewa “nan da shekara biyu” ya riga ya ɗauka cewa yaran duka za su ci gaba da haɓaka, ya ɗauka za su zauna a ƙungiyar, ya kuma ɗauka shi kansa zai iya jira. Tarihin ƙwallo bai cika goyon bayan ko ɗaya ba. Ranar da lissafin ya rushe kuwa, masu ƙungiya suna ofis, mai lissafin ya manta ya taɓa faɗa, yaran ne ke shan zagi.

Ba haka ɗan wasa ke girma ba

Lissafin magoya baya ba wuya: yaro ya ci ƙwallo 8 yana da shekara 18, to a 20 zai ci 15, a 23 kuwa sai dai Allah ya kyauta wa masu tsaron baya. Kamar mai hawa bene, kowace kaka mataki ɗaya.

A watan Afrilun 2009 Federico Macheda yana da shekara 17. Ya taso daga benci a wasansa na farko a Manchester United, ya karɓi ƙwallo ya juya ya lanƙwasa ta cikin raga ana dab da tashi, United ta doke Aston Villa 3-2, kuma ƙwallon nan tana cikin abubuwan da suka ba ta kofin Firimiya a kakar. Daga nan sai aro, sai wani aron, har ya bar ƙungiyar a 2014 bai taɓa samun gurbi ba. Adnan Januzaj ya ci Sunderland biyu a Oktoban 2013 yana da shekara 18, a karon farko da aka fara wasan Firimiya da shi. Kaka ta gaba aka miƙa masa riga mai lamba 11 da Ryan Giggs ya cire. A 2017 aka sayar da shi ga Real Sociedad ba tare da wata hayaniya ba.

Ba lalaci ya hana waɗannan yaran kaiwa inda aka zata ba. Akwai abin da ke faruwa da kusan kowane matashi, wanda bidiyon minti uku da ake yaɗawa a waya ba ya nunawa. A watanninsa na farko babu wanda ya san shi. Mai tsaron baya yana rugowa a kansa, shi kuwa ya goce ya wuce. Bayan wasa goma, masu nazarin wasa na kowace ƙungiya sun zauna sun kalle shi ciki da bai. Sun san ƙafar da yake so, sun san yana sunkuyar da kai idan ya fara gudu, sun san ba ya komawa baya ya taya tsaro. Sai mai tsaron baya ya daina rugowa, ya tsaya ya toshe masa hanyar ciki, ya tura shi bakin layi kan ƙafarsa mara ƙarfi. Yaron da ya yi ta yanka jiya sai ka gan shi yana mayar da ƙwallo baya. Daga nan ainihin karatun yake farawa, kuma daga nan ne magoya baya suke fara cewa “ya lalace”.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kuskuren yana tafiya ta ɓangare biyu. Idon da ke gaggawar naɗa wa yaro sarauta shi ne dai ke gaggawar tuɓe shi.

Vinicius Junior ya zo Real Madrid a 2018 yana da shekara 18. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo 2 a La Liga, ta biyu 3, ta uku 3. Ya zama abin dariya, ana cewa yana iya yanke kowa amma ba ya ganin raga. A Oktoban 2020 har kyamara ta kama abokin wasansa Karim Benzema lokacin hutun rabin lokaci yana gaya wa Ferland Mendy kada ya ba shi ƙwallo. A kaka ta huɗu ya ci 17 a La Liga, kuma shi ya ci ƙwallon da ta ba Madrid kofin Zakarun Turai a hannun Liverpool a 2022. Da an bi ta masu “shekara biyu”, da tuni an tattara shi.

Chelsea ta taɓa mallakar Kevin De Bruyne da Mohamed Salah suna matasa, ta sallame su duka biyun. Tottenham ta tura Harry Kane aro Leyton Orient da Millwall da Norwich da Leicester kafin wani ya yarda shi ne. Xavi ya fara buga wa Barcelona a 1998, amma sai a 2008, yana da shekara 28, aka zaɓe shi gwarzon gasar ƙasashen Turai, duniya ta san da wa take magana.

“Juma'ar da za ta yi kyau...”

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ga Messi, ga Mbappe da ya ɗaga Kofin Duniya a 2018 yana da shekara 19, ga Lamine Yamal da ya cika 17 ana gobe wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai ta 2024 kuma ya koma gida da kofin.

Gaskiya ne. Amma Larabar Freddy Adu ma ta yi kyau. Yana da shekara 14 ya fara buga wa DC United ta Amurka a 2004, ana kwatanta shi da Pele. Ya ƙare yana yawo a ƙungiyoyi fiye da goma a ƙasashe daban-daban. Muna tuna Messi da Mbappe ne saboda irinsu ba su da yawa, sauran kuwa da suka haska a shekarun nan sai an tuna mana da sunayensu.

Gasar Kofin Duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 ta isa misali. A 2007 Toni Kroos ne ya karɓi kyautar gwarzon gasar, Macauley Chrisantus na Najeriya ya fi kowa cin ƙwallo da guda 7. Kroos ya je ya ɗauki Kofin Duniya a 2014 da kofin Zakarun Turai har sau 6. Chrisantus ya tafi Hamburg, daga nan labarinsa ya yi ta dusashewa. A 2015 kuma Kelechi Nwakali ne gwarzon gasar, abokin wasansa Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10. Arsenal ta ɗauki Nwakali, ya bar ta bai buga wa babbar tawagarta wasan gasa ko ɗaya ba. Osimhen shi ma ya je Wolfsburg bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, sai da ya koma Charleroi ta Beljiyam ya farfaɗo, ya bi ta Lille, sannan ya ci 26 a kakar da Napoli ta ɗauki kofin gasar Serie A ta Italiya a 2023 bayan shekara 33 tana jira. Wa ya isa ya ce ya hango wannan tun 2017?

Najeriya ta ɗauki wannan kofi na yara sau 5, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, babu ƙasar da ta kai ta. Babbar tawagarta kuwa ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a Kofin Duniya ba. Duk lokacin da aka ɗauko kofin yaran, sai an sami mai cewa nan da 'yan shekaru za a ga abin mamaki.

To yaran Ferguson fa?

Wannan ita ce hujjar da masu fata suka fi so, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A bazarar 1995 kocin Manchester United Alex Ferguson ya sayar da Paul Ince da Mark Hughes da Andrei Kanchelskis, ya dogara da yaran makarantar United. A wasan farko na kaka Aston Villa ta doke su 3-1, mai sharhin wasanni Alan Hansen ya faɗa a talabijin cewa ba a cin komai da yara. United ta lashe Firimiya da kofin FA a kakar. Tun daga ranar, duk wanda ya yi ƙorafi kan ƙuruciyar wata ƙungiya sai a jefe shi da sunan Hansen.

Sai dai a koma a duba waɗanda suka fita fili. David Beckham da Paul Scholes da Nicky Butt da Gary Neville suna kusan shekara 20, haka ne. Amma a raga akwai Peter Schmeichel mai shekara sama da 30. A baya akwai Steve Bruce mai shekara 35 da Gary Pallister da Denis Irwin. A tsakiya akwai Roy Keane. A gaba kuwa akwai Eric Cantona, wanda ya dawo daga dakatarwa a watan Oktoba. Newcastle ta ba su tazarar maki 12 a watan Janairu. Da abu ya kai wuya a watan Maris, wa ya ci ƙwallon da aka doke Newcastle 1-0 a gidanta? Cantona. Arsenal 1-0? Cantona. Tottenham 1-0? Cantona. Wasan ƙarshe na kofin FA da Liverpool, 1-0? Shi ne dai. Yaran sun yi aiki ba kaɗan ba, amma da tsohuwar zuma aka yi maganin.

Ko a cikin yaran ma, ana tuna waɗanda suka yi fice ne a manta da sauran. Ben Thornley yana cikin waɗanda aka fi sa wa rai a rukunin, wani mugun keta da aka yi masa a wasan 'yan benci a 1994 ya lalata masa gwiwa, daga nan bai sake komawa yadda yake ba.

Haka labarin Ajax ta 1995 yake. Patrick Kluivert mai shekara 18 ne ya ci AC Milan a wasan ƙarshe na kofin Zakarun Turai a Vienna, Nwankwo Kanu mai shekara 18 shi ma ya shigo daga benci. Amma wanda ya miƙa wa Kluivert ƙwallon shi ne Frank Rijkaard mai shekara 32, kyaftin ɗin kuma Danny Blind ne mai shekara 33.

Na kwanan nan shi ne PSG da ta casa Inter Milan 5-0 a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2025. Desire Doue mai shekara 19 ya ci biyu, Senny Mayulu mai shekara 19 ya ci ɗaya. Kyaftin ɗinsu Marquinhos yana da shekara 31, tun 2013 yake ƙungiyar, ya sha duk wani kashi da ta sha a Turai. Wanda ya ja ragamar gaba kuma har ya karɓi kyautar gwarzon ɗan wasan duniya ta Ballon d'Or a shekarar shi ne Ousmane Dembele mai shekara 28, wanda Barcelona ta saya a 2017 yana da shekara 20, aka kwashe shekaru ana kiransa asarar kuɗi.

Kuma a lura, Doue ba a PSG ya taso ba, daga Rennes aka sayo shi. Joao Neves daga Benfica. Magoya bayan Rennes da na Benfica ai su ma sun yi nasu lissafin na shekara biyu.

Ko sun girma, a ina za su girma?

Nan ne fatan ya fi raunana, kuma nan ne magoya baya ba sa son a taɓa.

Ajax ɗin nan ta 1995 ta sake zuwa wasan ƙarshe a 1996, Juventus ta doke ta a bugun fenareti. A tsakanin wasannin biyu, cikin Disambar 1995, kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin Bosman, wanda ya ba ɗan wasa damar tafiya kyauta idan kwantiraginsa ya ƙare. Clarence Seedorf ya riga ya tafi Sampdoria. Edgar Davids da Michael Reiziger suka tafi Milan, Kanu ya tafi Inter, Finidi George ya tafi Real Betis, a 1997 Kluivert ya bi sahu zuwa Milan, Marc Overmars ya tafi Arsenal. Har yau Ajax ba ta sake ɗaga kofin ba. Da ta sake haɗa wasu yaran a 2019, ta fitar da Real Madrid da Juventus ta kai wasan daf da na ƙarshe, a bazarar nan Frenkie de Jong ya tafi Barcelona, kyaftin Matthijs de Ligt mai shekara 19 ya tafi Juventus.

Na Monaco ya fi sauri. Ta ɗauki kofin gasar Ligue 1 ta Faransa a 2017, ta fitar da Manchester City da Borussia Dortmund a Zakarun Turai. Cikin 'yan watanni Bernardo Silva da Benjamin Mendy suka tafi City, Tiemoue Bakayoko ya tafi Chelsea, Mbappe ya tafi PSG. Shekara ta gaba Fabinho da Thomas Lemar suka bi. Shekara biyu cif bayan ɗaukar kofin, Monaco ta ƙare ta 17 a teburi, da ƙyar ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu.

Wani zai ce waɗannan ai ƙananan ƙungiyoyi ne, tasa ƙungiyar ta fi ƙarfin a ƙwace mata 'yan wasa. To ga Arsenal. Bayan ta koma sabon filinta a 2006 da bashi a wuyanta, Arsene Wenger ya haɗa matasa masu ban sha'awa, a kakar 2007-08 suna saman teburi har watan Maris. Kowace shekara ana cewa baɗi ce tamu. Mathieu Flamini da Alexander Hleb suka tafi a 2008, Emmanuel Adebayor da Kolo Toure a 2009, Cesc Fabregas da Samir Nasri da Gael Clichy a 2011, Robin van Persie da Alex Song a 2012. Duk wanda ya nuna sai a tsinke shi, a kawo wani ɗanye a ce a yi haƙuri. Shekara 9 aka yi, daga 2005 zuwa 2014, babu kofi.

Yanzu ma an sami wani sabon dalilin sayar da yara wanda ba ruwansa da fili. A lissafin kuɗin ƙungiya, idan ta sayi ɗan wasa ana raba farashinsa ne a kan shekarun kwantiraginsa. Idan kuwa ta sayar da yaron da ya taso a makarantarta, tunda ba sayensa ta yi ba, kuɗin gaba ɗaya riba ce a takarda nan take. Da hukumar Firimiya ta fara zabtare maki kan ƙungiyoyin da asararsu ta wuce fam miliyan 105 a shekara uku, kamar yadda aka yi wa Everton da Nottingham Forest, sai 'yan gida suka zama abin da ake fara kaiwa kasuwa. Newcastle ta sayar da Elliot Anderson a ƙarshen watan Yunin 2024. Chelsea ta sayar da Mason Mount a 2023 da Conor Gallagher a 2024. United ta sayar da Scott McTominay ga Napoli, ya je ya ɗauki kofin gasar Serie A a 2025 har aka zaɓe shi gwarzon gasar. Wato yaron da magoya baya suka fi jin nasu ne, shi ne wanda sayar da shi ya fi gyara wa akawun ƙungiya littafi.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari duk lokacin da shugabannin ƙungiya suka fara maganar “muna gina ƙungiyar gobe”. Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci kuwa hanya ce ta rage albashi tare da rufe bakin jama'a, domin wanda aka ce masa gobe ba shi da abin kamawa yau. Magoya baya kuma suna karɓar maganar su yi ta tallata ta kyauta.

“Fata ai ba laifi ba ne”

Wannan ita ce hujjar da ta fi taɓa ni, don akwai gaskiya a cikinta. Mutum ya gama fama da rayuwa, ya zauna kallon ƙwallo, ya ji daɗin cewa gobe za ta yi kyau. Wa ya cuta?

Da fatan yana tsayawa a zuciyar mai shi, da ban ce komai ba. Amma ba ya tsayawa. Yana zama matsin lamba a kan koci: me ya sa ka ajiye yaron a benci, me ya sa ka cire shi a minti na 60? Yana zama matsin lamba a kan yaron kansa, wanda wayarsa tana hannunsa yana karanta komai.

Pedri yana da shekara 18 ya buga wasa sama da 70 a kakar 2020-21, tsakanin Barcelona da gasar ƙasashen Turai da wasannin Olamfik na Tokyo. Kowa yana murna, babu mai son a hutar da shi. Kaka ta gaba ya kwashe watanni yana jinyar ciwon cinya, kuma ciwon ya yi ta dawo masa shekaru bayan nan. Ansu Fati ya fara ci wa Barcelona ƙwallo a 2019 yana da shekara 16. Ya ji rauni a gwiwa a Nuwamban 2020, aka yi masa tiyata ba sau ɗaya ba. Yana cikin wannan hali Messi ya tafi, sai aka ɗauki riga mai lamba 10 aka rataya masa. A 2023 yana zaman aro a Brighton. Jack Wilshere na Arsenal, wanda ya tsaya gaban Xavi da Iniesta na Barcelona a Fabrairun 2011 yana da shekara 19 har aka rasa bakin magana, raunuka suka sa ya rataye takalmi yana da shekara 30.

Wannan na jiki ke nan. Bojan Krkic ya fara buga wa Barcelona yana da shekara 17, aka laƙaba masa sunan sabon Messi. Shekaru bayan nan ya bayyana da bakinsa cewa matsananciyar damuwa ce ta hana shi zuwa gasar ƙasashen Turai ta 2008. A lokacin babu wanda ya sani, sai surutu iri-iri.

Na Bukayo Saka kuwa kowa ya gani. A Yulin 2021, yana da shekara 19, aka ba shi bugun fenareti na biyar na Ingila a wasan ƙarshe na gasar ƙasashen Turai da Italiya. Ya buga, gola ya tare. A daren nan aka cika shafukansa da zagin wariyar launin fata, shi da Marcus Rashford da Jadon Sancho. 'Yan kwanaki kaɗan kafin nan kuwa ana ta rera sunansa. Saka ya jure ya tashi, amma ba kowane yaro ke da irin wannan zuciyar ba, kuma waɗanda ba su tashi ba ba mu cika jin labarinsu ba.

To me za a duba?

Akwai lokacin da fata ya tabbata, kuma yana da kyau a ga yadda ya tabbata. Bayan Jamus ta sha kunya a gasar ƙasashen Turai ta 2000, aka wajabta wa ƙungiyoyinta buɗe makarantun horar da yara masu inganci. A 2009 'yan ƙasa da shekara 21 ɗinta suka doke Ingila 4-0 a wasan ƙarshe na gasar matasan Turai. Manuel Neuer da Mats Hummels da Jerome Boateng da Benedikt Howedes da Sami Khedira da Mesut Ozil duk suna cikinsu. Da suka shiga babbar tawaga, Sifaniya ta fitar da su a wasan daf da na ƙarshe na Kofin Duniya a 2010, Italiya ta maimaita musu a gasar ƙasashen Turai ta 2012. Sai a 2014 suka ɗauki Kofin Duniya, tare da Philipp Lahm da Bastian Schweinsteiger da Miroslav Klose mai shekara 36, a hannun koci ɗaya, Joachim Low, da ba a kora ba duk da faɗuwar nan biyu. Shekara biyar daga kofin matasan, 14 daga kunyar 2000.

Ni idan ina kallon matashi, yankan da ake yankowa a bidiyo ba ya gaya mini abu mai yawa. Ina duba ko yana waiwayawa ya san inda mutane suke kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa. Ina duba abin da yake yi a minti biyar bayan ya ɓarar da ƙwallo, ko yana sake neman a ba shi ko yana ɓuya a bayan mai tsaron baya. Ina jiran wasan da aka je waje, ana bayansu da ci ɗaya, 'yan kallo suna ihu, a gani ko yana iya riƙe ƙwallo na daƙiƙa uku abokansa su numfasa.

Amma ko waɗannan ɗin ba su kai tambayoyin da suka shafi ƙungiyar nauyi ba. Su wa ke kusa da shi a fili idan wasa ya ɗau zafi? Kwantiraginsa saura shekara nawa, kuma me ƙungiyar ta yi karo na ƙarshe da aka zo da babban tayi a kan wani yaronta? Kocin da ya yarda da shi zai kai baɗi? Ferguson ya zo United a Nuwamban 1986, bai ɗauki kofin gasar Ingila ba sai 1993, kuma yana nan daram lokacin da yaran 1995 suka iso. Chelsea kuwa, tun da sababbin masu ita suka karɓe ta a 2022 suka cika ta da matasa masu kwantiragin shekara bakwai da takwas, Thomas Tuchel da Graham Potter da Frank Lampard da Mauricio Pochettino duk sun wuce cikin shekara biyu. Ta ɗauki kofuna biyu a 2025 a hannun Enzo Maresca, ban hana ta ba. Amma yaron da ya zo a farkon 2023 ya koyi tsarin wasa huɗu kafin ya cika shekara biyu a ƙungiyar, kuma a duk tsarin da bai dace da shi ba, shi aka ce ya gaza.